Kulu ta tafi ta bar yashi a shanye

Kulu ta rasu.

Da safen nan labarin ya ishe ni a Rabah, ina tsaye bakin murhu ina jiran ruwan wanka ya yi zafi. Waya ta yi ƙara, na ga sunanta, har na fara murmushi don na san tsiya za ta yi min kan kek ɗin da na ƙona ran Asabar. Na ɗauka ina cewa, "To sarkin iyawa, mi kuma na yi?" Sai na ji muryar namiji. Mijinta ne, Malam Bello. Ya ce, "Malama Shafa, sai haƙuri. Kulu lokaci ya yi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon ƙirji ne ya taso mata bayan sallar asuba. Kafin a samo mota, mai abu ya karɓi abinsa. Ban san sadda na zauna ƙasa ba. Ruwan nan ya yi ta tafasa har ya kusa ƙafewa ban tashi ba.

Mutanen Wurno ba sai na gaya muku ko wace ce ba. Kulu mai kek. In an yi suna ko walima ko bazde, wato bukin ranar haihuwa, a gidanku anka yanka kek mai laushi da ƙanshin lemu, to da wuya in ba daga tukunyarta ya fito ba. Ba ta da injin gashi, ba ta taɓa mallakar shi ba. Babbar tukunya ce, da yashin gulbi a cikinta, da gawayi a ƙasa. A kan yashin nan mai zafi take jera gwangwanayen ƙullu ta rufe, shi ke nan.

Ni kuwa maƙwabtaka ta haɗa mu, shekarar da anka turo ni koyarwa Wurno ban san kowa ba. Sanyin farko da ya same ni a ɗakin hayan nan, ko bargon kirki ba ni da shi. Ina zaune na ƙudundune sai na ji ana ƙwanƙwasa katanga. Na leƙa, sai ga kaskon wuta ana miƙo min ta sama, da murya tana cewa, "Baƙuwa, karɓi. Tarinki ya hana ni sakat."

Haka munka fara. Ko sallama ba mu yi ba.

Tun daga ranar gefen kek bai taɓa wuce ni ba. In ta datse baki-bakin don ya daidaita, sai ta ƙulle min a leda ta ce rabon gwauruwa ne. Da na yi aure ta ce rabon amarya. Da na haihu ta ce rabon mai jego. Da anka maida ni Rabah ta riƙa bai wa direbobi suna kawo min, har wani ya taɓa tambayata ko magani ne.

Amma ba wannan ne ya sa ni wanga rubutu ba. Akwai maganar da ta ce kada in faɗa wa kowa. Kulu, ki yafe min, yau bakina ba zai iya riƙe ta ba.

Luba ita ce ɗiyarta ta fari. Kun san halinmu da ɗan fari, kuma Kulu ta riƙe kunyar nan fiye da duk wadda na sani. Ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinta ba. "Ke." "Waccan." "Yarinyag ga." Ƙannenta ana rungumarsu ana yi musu kirari, ita kuwa ko zazzaɓi take sai dai Kulu ta aiko a kira ni, in zo in taɓa goshinta, ita tana bakin ƙofa tana yi kamar tsintsiya take nema.

Na sha yi mata faɗa. Nakan ce, "Kulu, zamani ya wuce wanga abu." Sai ta ce, "Zamani ya wuce, ni ban wuce ba. Haka uwata ta yi min."

Luba kuwa ita ce mai fasa ƙwai, ita ce mai buga bota da suga har hannunta ya sage, ita ce mai ɗaukar kek a kai ta kai gidajen mutane. Tana tsaye za a rubuta sunan ɗiyar wani bisa kek da aisin, haɗin sugan nan na ado, ta ɗauka ta kai, a tafa wa wata, ta dawo da faranti.

Da kaka, na zo Wurno hutun ƙarshen mako, muna wanke gwangwanaye ni da ita a bayan madafa, sai ta ce min, "Anti, ni ko sau ɗaya ba a taɓa rubuta sunana bisa kek ba." Ta yi 'yar dariya, ta ƙara da cewa, "To wa ma zai rubuta? Inna ko faɗinsa ba ta yi."

Ashe Kulu na cikin madafa tana ji.

Sai bayan na koma Rabah ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, tsadar fulawa, ciwon ƙafar surukarta, har na gaji na ce ta faɗi abin da ke bakinta. Ta ce, "Kin ji abin da waccan ta ce?" Na ce na ji. Can ta ce, "Cikin sanyin ga za ta cika sha shida. Ina son a yi mata abin nan da ake yi wa ɗiyan mutane. A gida, ita da ƙawayenta. Amma ke za ki yi."

Na ce, "Ni? Ga mai kek a gida?"

Ta ce, "Ɗiyar fari ce, Shafa. In anka ji na tashi na yi mata buki da hannuna, da wane ido zan dubi mutane? A ce Antinta ta yi mata. Ke za ki gasa, ke za ki rubuta sunan. Ni ina gefe ina masifar an ɓata min tsakar gida."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce wallahi ban taɓa ganin mace mai wahalar da kanta irinta ba. Amma na yarda, ta kuma sa na yi alkawarin ko Luba ba za ta ji ba.

Malam ne ya fara ba mu aiki. Manomin albasa ne, ba ya son hayaniya, kuma shi bazde bai ga gurbinsa ba. Da ya rasa ta cewa sai ya kawo dabara. Ya ce ai ranar ma ta wuce, a watan Cika-ciki anka haifi yarinyar, kuma Cika-ciki ya wuce tun da damina. Kulu ta ba ni labari tana kwaikwayon muryarsa. Na ce to mi kinka ce mishi? Ta ce, "Na ce Malam, ni na haihu ba wata ba. Da kaskon wuta na yi jego, kai da kanka kake sayo gawayin. Wata ya yi tafiyarsa, sanyi na nan inda na bar shi."

Ya yi dariya, ya sa sharuɗɗansa. Mata zalla, ba kiɗa, a buɗe da karatu, a tashi kafin magariba. Munka ce mun ji.

Daga nan kullum bayan la'asar sai waya. Ni ce mai bazde a baki, amma ko cokali ban zaɓa ba.

Na ce a yi zoɓo mai ƙanƙara. Ta ce, "A wanga sanyi? So kike ɗiyan mutane su koma gida da mura, uwayensu su tsine min?" Shayi za a yi mai citta da kanumfari, a cika filas-filas, da kunun gyaɗa mai zafi. Na ce a yi da yamma. Ta ce a'a, bayan azahar, sadda rana ke zama a tsakar gida, don 'yan uwan da za su taho daga Goronyo su koma da ido. Kun dai san yadda hanya take yanzu.

Na ce to balan-balan fa, ko shi ma haramun ne? Ta ce, "Shafa, ɗaya ya fashe a zaci bindiga ce, unguwag ga ta watse. Bar mutane da abin da ke damunsu." Munka koma kan kyallaye masu launi da za a ɗaura a igiyar shanya.

Kifi daga wurin yayanta zai taho, can bakin dam ɗin Goronyo. Shinkafa dafa-duka. Kaskon wuta a kowace kusurwa, a tura dankali cikin toka, don ta ce 'yan mata ba abin da ke sa su hira irin tonon dankali suna ƙona yatsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ta san yarinyar nan. Ni ina zaton ba ta ko kallonta. Ashe ta san ba ta son kwakwa a kek, bawon lemu take so. Ta san shuɗi take so, ba ruwan hoda da na nace a kai ba. Ta san ƙawayenta kaf, har ta gaya min waɗansu biyu ba sa ga maciji tun jarrabawa, kada in haɗa su tabarma ɗaya. Ta sayi rigar sanyi shuɗiya ta aiko min Rabah, ta ce in naɗe in kawo ranar a matsayin kyautata.

Na ce, "Kulu, duk wanga so, ki bari ta sani mana."

Ta ce, "Allah ya sani."

Ran Asabar ɗin nan da ta wuce ita ce ganinmu na ƙarshe. Na tafi Wurno koyon gashi. Ta aiki Luba kai kek can nesa, ta rufe ƙofar gida, ta ce in ɗaura zani sosai.

Ta nuna min yadda ake shanya bota a rana don sanyi ya daskarar da ita. Ta ce sanyi abokin mai kek ne, aisin ba ya narkewa, amma yana sa yashi jinkirin ɗaukar zafi, sai an yi haƙuri. Ta kama hannuna ta kai bisa tukunyar ta ce, "Ki sa bayan hannu, ki yi bisimilla. In kinka kai ƙarshe ba ki janye ba, bai yi ba. Ki jira."

Ni da jira kuwa kun san ba mu shiri. Tana juya baya na ƙara gawayi, na ɗauki mafici na hau fifita. Kafin ta dawo daga alwala ƙauri ya cika gida. Ƙasan kek ya yi baƙi ƙirin, tsakiya ɗanye, ƙullu ya tumbatsa ya zube cikin yashin ya ƙone.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallona. Ta ce, "Malama guda. Ɗiyan mutane kike koya wa haƙuri a aji?" Munka yi ta dariya har ta zauna bisa turmi tana share ido.

Sai ta ce tunda gashi ya gagara, a gwada rubutu. Ta zuba aisin shuɗi a leda, ta huda bakin, ta miƙo min faranti. Na fara, harafin farko ya yi ciki, na biyu ya kwanta. Ta ce, "Kai, kawo nan. Dubi yadda ake yi." Ta fizge ledar.

Ta rubuta shi tsaf, a tashi ɗaya, da irin lanƙwasar nan tata mai kyau. Sai da ta kai ƙarshe ta ga abin da ta yi.

Lubabatu.

Tana riƙe da farantin tana kallo, ni ina kallonta. Sai na ji ta faɗe shi a hankali, can ƙasan maƙoshi, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Sau ɗaya. Idonta ya kawo ruwa.

Anka taɓa ƙofar gida, Luba ce ta dawo. Nan take ta sa babban yatsa ta shafe, ta tura farantin cikin ruwan wanke-wanke, ta ɗaga murya, "Ke, sai yanzu? Aike ɗaya sai ki wuni?"

Ni da nake ɗaukar hoton komi, har tuwon da na tuƙa, ban ɗauki wannan ba.

Da zan tafi ta rako ni bakin zaure. Ta ce yashin nan na lalata shi, za ta tafi Goronyo ta ɗebo sabo mai tsakuwa-tsakuwa a bakin gulbi, don na tsakar gida laushi gare shi, ba ya riƙe zafi. Ina bisa mashin ta ce, "Asabar mai zuwa ki taho da haƙuri, ni ina da yashi."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Yau kafin in isa Wurno an riga an kai ta. Ban ga fuskarta ba. Na ishe gidan cike da mata, kowa ya ja mayafi ya rufe har hanci. Tukunyarta na kife a bakin madafa. A gefen da rana ke faɗawa kuwa, ga tabarma an baza yashi a kai, wankakke, da sawun yatsunta inda ta barbaza shi. Ashe ta je ta ɗebo.

Luba na zaune jikin bango. Ba ta kuka, ana yi mata gaisuwa tana ɗaga kai kawai.

Mutane sunka ƙaru, tabarmi sunka yi kaɗan. Wata dattijuwa ta kama bakin tabarmar nan za ta zazzage. Ba laifinta ba ne, ita ƙasa ta gani. Sai ga Luba tsaye a kanta, ta riƙe ɗaya bakin. Ta ce, "Ku bar shi, Gwaggo. Bai bushe ba."

Na kama hannunta na ja ta cikin madafa. Hannun sanyi ƙalau. Kafin in buɗe baki ta ce, "Anti, maganar bazde ɗin nan a bar ta. Na gode. Dama ke kaɗai kinka damu da shi."

Wallahi maganar nan ta fi labarin safe yi min ciwo.

Na tuna alkawari. Na kuma dubi yarinyar da za ta rayu tana zaton uwarta ba ta taɓa waiwayarta ba. Na ce a raina, Kulu, kunyarki ta bi ki, ni ba ni da ita.

Na gaya mata komi. Na ce ni ko launin da take so ban sani ba. Na gaya mata zancen shayi da dankali, da yadda anka yi da babanta kan watan Cika-ciki, da rigar sanyin da ke cikin akwatina a Rabah wadda ban sayi ko zarenta ba. Na ce yashin da ta hana a zubar, ba na kek ɗin kowa ba ne, nata ne. Tana ji tana girgiza kai kamar ba ta yarda ba.

Sai na gaya mata zancen faranti.

Ta ce, "Sunana?"

Na ce, "Cikakke."

"Da hannunta?"

"Da hannunta. Kuma ta faɗe shi, da kunnena na ji."

Ta ce, "Anti, yaya ta faɗe shi?"

Na gwada. Muryata ba irin tata ba ce, amma na gwada. Nan ne kukan da ta riƙe tun asuba ya ƙwace mata, ta faɗo jikina, munka durƙushe tsakanin buhun gawayi da gwangwanaye. Ba wanda ya shigo ya hana mu.

Da la'asar zan kama hanya, na tsaya a zaure yi wa Malam gaisuwa. Ban yi niyyar tada zancen ba, ranar bazden za ta faɗo cikin zaman makoki, wa zai yi maganar kek? Shi ya tsayar da ni. Kansa a ƙasa ya ce, "Malama, ta ce min ke za ki gasa." Na ce haka ne, Malam. Ya ce, "Ba buki za a yi ba. Ƙawayen yarinyar nan su taho su yi wa uwarta karatu, a ba su shayinsu. Amma abin nan da ake rubutawa a sama, a rubuta mata. Na riga na amsa wa mai ɗakin."

Luba ta ce in bari ita ta gasa, ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Gaskiya ta faɗa. Na ce a'a. Ta gasa wa ɗiyan mutane ya isa, wannan uwarta ni ta ba.

Ita ta juye min yashin a buhu da hannunta. Ga shi nan na sake baza shi a ɗakina, da sauran danshi. Ina ta kallon waya, la'asar ta wuce ba wanda ya kira ya ce min na cika gaggawa. Kulu, ina kewarki, kuma yau ne kawai wunin farko.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta miƙa wa baƙuwa wuta ta kan katanga ba ta san ta ba, ka karɓe ta da rahamarka. Ka ba Malam da yaran haƙuri, ka haɗa ta da ɗiyarta a Aljanna inda za ta kira ta da sunanta ba kunyar kowa.

Duk wanda ya karanta, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah ka tsaya ka yi mata Ƙulhuwallahu. Wanda ya taɓa cin kek ɗinta ya ƙara da salati. Ku sa Lubabatu a addu'a.

Ni ma ku sa ni. Gobe in yashi ya bushe zan hura gawayi, ku roƙa min Allah ya ba ni haƙurin jira, kada in ƙona mata wannan.